Yadda Ake Ƙalubalantar Hukunci Idan An Hana Ka Tallafin Gwamnati

Ko tallafin rashin aiki ka nema, ko na nakasa, ko na tsufa, ko na yara, amsar hukuma a rubuce take zuwa: wasiƙa, saƙon waya, ko bayani a shafinka na intanet. Idan amsar ta zo da “ba ka cancanta ba”, yawancin mutane ɗayan biyu suke yi. Wani ya jefar da takardar ya ce dama ya san ba za a ba shi ba. Wani ya tafi ofishin ya sauke fushinsa a kan ma'aikacin da ke bakin kanta, wanda ba shi ya yanke hukuncin ba. Na daɗe ina zama da masu irin wannan takarda muna warware ta, kuma aikin kusan kullum iri ɗaya ne: a gano dalilin da aka ƙi, a amsa shi da hujja, kafin wa'adi ya cika.

Haƙƙin yin haka ba alfarma ba ce. Yarjejeniya ta 102 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1952, ta ce a sashe na 70 duk wanda aka hana tallafi yana da damar ɗaukaka ƙara. Shawarar da ƙungiyar ta fitar a 2012, mai lamba 202, ta ƙara da cewa kada a caji mai koke ko sisi. Dokar kowace ƙasa daban take, amma matakan da ke ƙasa za su yi maka aiki kusan ko'ina.

Abubuwan da za ka tanada

Takardar hukuncin gaba ɗayanta, har da shafin baya mai ƙananan rubutu, da ambulan ɗin da ta zo a ciki saboda hatimin gidan waya. Idan ta waya saƙon ya zo, ɗauki hoton fuskar wayar yadda kwanan wata zai fito.

Kwafin fom ɗin da ka cike tun farko. Katin shaida. Bayanin asusun banki da takardun albashi na watannin da hukuma ta duba. Takardun asibiti, idan maganar lafiya ce.

Fayil guda da komai zai shiga, da littafi ƙarami da biro. Wannan littafin kada ka raina shi. Duk kiran da ka yi, duk zuwan da ka yi ofis, rubuta ranar, sunan wanda ka yi magana da shi, da abin da ya ce. Bayan wata huɗu, ba mai tuna wa ya ce me.

Idan ba ka da kwafin fom ɗin, mataki na uku zai dawo maka da shi. Idan babu injin kwafi kusa, hoton waya ya isa, muddin kusurwoyin takardar huɗu sun fito kuma rubutun yana karantuwa.

1. Fara da wa'adi

Kafin ka karanta dalili, kafin ka ji haushi, nemi layin da ya faɗi kwana nawa kake da su. Galibi yana can ƙarshen takardar. Rubuta ranar ƙarshe da manyan baƙaƙe a bangon fayil.

Wa'adin gajere ne kuma ya bambanta. A Birtaniya wata ɗaya ne daga ranar da ke kan takardar. A Jamus ma wata ɗaya. A Faransa wata biyu. Hukumar Social Security ta Amurka, mai kula da fansho da tallafin nakasa, tana ba da kwana 60 daga ranar da ka karɓi wasiƙar, kuma tana ɗauka ka karɓa kwana biyar bayan ranar da aka rubuta ta. A Afirka ta Kudu kwana 90 ne ga tallafin da aka saba biya duk wata. Ka lura da bambancin nan: wasu daga ranar rubutawa suke ƙirga, wasu daga ranar karɓa. In ba ka tabbata ba, ƙirga daga ranar rubutawa, ba za ka yi asara ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya zauna jiran rahoton likita har wa'adi ya wuce. Kada ka jira. Layi uku sun isa su riƙe maka ƙofa: ban yarda da hukuncin rana kaza ba, ina neman a sake dubawa, ƙarin hujja na nan tafe.

Idan kuma wa'adin ya riga ya wuce, kada ka ce shi ke nan. Tura koken, ka bayyana abin da ya tsare ka: kwanciya asibiti, rasuwa a gida, wasiƙar da ta tafi tsohon adireshi. A Birtaniya ana iya karɓar koken da ya makara har zuwa wata 13 idan akwai dalili mai ƙarfi. A Jamus, idan takardar ba ta yi maka bayanin yadda za ka ƙalubalance ta ba, wa'adin yana zama shekara guda.

2. Gano ainihin dalilin ƙin

Nan ne aikin yake. Takardar na iya kai shafi huɗu, amma dalilin bai cika wuce jimla ɗaya ko biyu ba. Ja masa layi. Sannan ka duba a wane rukuni ya faɗa, don kowanne da irin maganinsa.

Kuɗin shiga da dukiya. Tallafi da yawa na masu ƙaramin ƙarfi ne, saboda haka akwai iyakar da aka sa. A Amurka, mai neman tallafin SSI, na tsofaffi da masu nakasa marasa ƙarfi, ba zai mallaki abin da ya wuce dala 2,000 ba, ma'aurata dala 3,000, amma gidan da kake ciki da mota ɗaya ba sa shiga lissafi. A Birtaniya, ajiyar da ta haura fam 16,000 tana hana Universal Credit, tallafin marasa aiki da masu ƙaramin albashi, kuma daga fam 6,000 ake fara rage abin da ake biya. Ɗauki biro ka sake lissafin da kanka, layi bayan layi. Kurakuran da ake samu a nan sanannu ne. An ƙirga albashi biyu a wata ɗaya saboda ranar biya ta faɗo ƙarshen mako an biya da wuri. An ɗauki bashin da ɗan'uwa ya tura maka a matsayin kuɗin shiga. An ƙirga kuɗin marayu da kake riƙo a asusunka kamar naka. An yi amfani da albashin aikin da ka bari tun bara.

Su waye 'yan gidan. Hukuma tana haɗa kuɗin miji da mata, a wasu ƙasashe har na waɗanda suke zaune tare ba aure. Idan an sa maka wanda ya bar gidan, ko an manta da jaririn da aka haifa bayan ka cike fom, lissafin duka ya karkace.

Gudummawa. Akwai tallafin da sai wanda aka yanki kuɗin inshora daga albashinsa na wasu shekaru. Tallafin nakasa na ma'aikata a Amurka, alal misali, yawanci yana buƙatar maki 40 na aiki, 20 daga ciki a shekaru goma na ƙarshe, kodayake ana sassauta wa matasa. Sau da yawa matsalar ita ce wani wurin aiki ya yanki kuɗin bai tura ba, ko ya tura da lambar da ba taka ba. Tsofaffin takardun albashi ne suke ceton mutum a nan.

Zama a ƙasa. Izinin zama, ko tsawon lokacin da ka yi, ko tafiyar da ka yi waje ta wuce abin da doka ta yarda.

Lafiya. An ce lalurarka ba ta kai ba, ko ba za ta daɗe ba. Za mu dawo kan wannan.

Takardu da alƙawari. Ba ka kawo takarda kaza ba, ba ka zo ganawa ba, sunan da ke katin shaida bai yi daidai da na banki ba. Wannan shi ne mafi sauƙin gyarawa. Harafi ɗaya a suna, ko ranar haihuwa da aka juya wata ya koma rana, ya isa kwamfuta ta yi watsi da mutum ba tare da wani ɗan Adam ya kalli fayil ɗin ba.

Akwai kuma tsarin da ƙasashe masu tasowa da dama suke bi, inda mutane da yawa ba su da takardar albashi. Ma'aikata su zo gida su rubuta irin rufin ɗaki, daɓen ƙasa, inda ake ɗebo ruwa, dabbobi, yawan 'yan gida da karatun maigida, sai kwamfuta ta ba gidan maki. Bayanan suna shiga rajistar ƙasa, irin wadda Brazil ta kafa a 2001. A irin wannan tsari jayayya da makin ba ta da amfani. Bayanan da aka shigar za ka nemi a nuna maka, ka nuna inda aka yi kuskure, ka nemi a sake ziyara. Ka kuma san cewa shiga rajista daban, shiga jerin waɗanda za a biya daban. Tambayi a wanne ne aka tsaya.

Idan takardar ba ta faɗi dalili ba sam, ko a baki aka ce maka “ba ka ciki”, nemi a ba ka a rubuce. Maganar baki ba a ɗaukaka ƙara a kanta.

3. Nemi fayil ɗinka

Rubuta ka nemi kwafin duk abin da aka dogara da shi: fom ɗinka, lissafin da aka yi, rahoton wanda ya duba lafiyarka. A ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya dokar kare bayanai ta ba ka wannan dama, kuma a ƙa'ida ana amsawa cikin wata ɗaya. Ƙasashe da yawa suna da doka makamanciyar ta. Ka tuna neman fayil ba ya tsayar da wa'adin mataki na ɗaya.

Idan ya zo, karanta da biro a hannu. A rahoton lafiya za ka iya ganin jimla kamar “ya shigo da ƙafarsa ba tare da taimako ba”, alhali ɗanka ne ya riƙo ka daga bakin ƙofa, ka zauna sau biyu kafin ka kai ɗakin. Irin wannan jimla guda ita ce sau da yawa ta kayar da neman.

4. Yanke shawara: koke, sabon nema, ko duka biyu

A faɗi gaskiya, ba kowane ƙi ne kuskure ba. Idan iyaka 16,000 ce kana da 20,000 naka na kanka, koke ɓata lokaci ne. Gara ka tambayi ko akwai wani tallafin da ba ya duba dukiya. Kada kuma ka yi saurin rabar da kuɗin ga 'yan'uwa don ka sauko ƙasa da iyaka. Hukumomi sun san wannan dabarar, kuma suna lissafa kuɗin kamar yana hannunka.

Idan hukuma ce ta yi kuskure, koke za ka yi, domin in ka yi nasara ana biyan ka tun daga ranar nemanka na farko. Sabon nema yana sa ka yi asarar waɗannan watannin. Ma'aikacin da ya ce maka “kawai ka sake cike fom” wataƙila da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma aljihunka ne zai ji a jikinsa.

Idan halinka ne ya canza bayan hukuncin, ciwo ya ƙaru ko aiki ya ƙare, sabon nema ya fi dacewa. Kotun tallafi a Birtaniya ba ta duba abin da ya faru bayan ranar hukunci. Inda doka ta yarda, yi duka biyun.

5. Haɗa hujjar da ta dace da dalilin

Hujja ɗaya da ta bugi dalilin ƙin ta fi takardu hamsin da ba su shafe shi ba. An ce kuɗin shigarka ya yi yawa, kawo takardar albashi da bayanin banki ka zagaye wurin. An ce ba ka kawo takarda ba, kawo rasit ɗin ranar da ka kai ta.

Idan takardar da ake nema babu ita fa? Babu takardar haihuwa: katin rigakafi, rajistar makaranta, ko rantsuwar kotu. Babu takardar albashi saboda sana'ar hannu kake yi: littafin ciniki, bayanan kuɗin da ke shiga ta waya, ko ka fara rubuta shiga da fita na kowace rana daga yau. Babu takardar haya: wasiƙa daga mai gidan da sa hannunsa, ko rasit ɗin wuta mai adireshin. Wurin aikin ya rufe: tsohon katin ma'aikaci, takardar ɗauka aiki, shaidar wanda kuka yi aiki tare. Kafin ka kashe kuɗi a kan ɗaya daga cikinsu, tambayi hukumar wanne take karɓa a madadi, ka rubuta amsar a littafinka.

Maganar nakasa da rashin lafiya tana buƙatar a tsaya a kanta. Hukuma ba sunan cutar take biya ba. Abin da cutar ta hana ka yi take aunawa. Wasiƙar likita da ta ce “yana da ciwon gaɓoɓi, a taimaka masa” ba ta da nauyi. Wadda ta ce ba ya iya tsayuwa fiye da minti biyar, ba ya iya ɓalle maɓallin riga, kuma ba a sa ran sauƙi cikin shekara guda, ita ke juya hukunci. Tsawon lokacin yana da muhimmanci: a Amurka sai lalurar ta kai wata 12 ko ana sa ran za ta kai. Ka je wa likita da sharuɗɗan hukumar a hannu, ka roƙe shi ya yi magana a kansu ɗaya bayan ɗaya.

Tsarin PIP na Birtaniya, wato tallafin masu nakasa da masu doguwar rashin lafiya, yana da ma'aunin da zai amfani kowa, ko a ina yake. Ba a ɗauka kana iya abu sai in kana yin sa ba tare da haɗari ba, yadda ya kamata, a kai a kai, kuma cikin lokacin da bai ninka na mai lafiya fiye da sau biyu ba. Ana kuma duba yadda kake a mafi yawan kwanaki. Yi wa kanka waɗannan tambayoyin a kan wanka, girki, sa tufafi, tafiya. Rubuta yadda kowace rana ta kasance na mako biyu. Mutane da yawa kunya da dauriya ne suke kayar da su. An tambaye su “kana iya wanka da kanka?” sai su ce “ina lallaɓawa”, a rubuta “yana iyawa”. Faɗi yadda lallaɓawar take: a zaune, da wani a bakin ƙofa, sau biyu a mako, sannan ka kwanta awa guda.

6. Rubuta koken

Shafi ɗaya, iyaka biyu, da harshen da hukumar take aiki da shi. Idan akwai fom na musamman, yi amfani da shi ka maƙala wasiƙar. A sama: cikakken suna kamar yadda yake a katin shaida, lambar fayil, ranar hukuncin. Jikin wasiƙar ya yi kama da wannan:

“Ban yarda da hukuncin da aka yanke ranar kaza ba, ina neman a sake dubawa. An ce kuɗin shigata na watan Maris ya wuce iyaka. Kuɗin da ya shiga asusuna ranar 28 ga wata albashin Afrilu ne da aka biya da wuri. Na haɗa takardun albashi na wata biyun (takarda ta 1 da ta 2) da wasiƙar wurin aikina (takarda ta 3). Ina neman a gyara lissafin, a biya ni daga ranar da na fara nema.”

Ka ga babu zagi, babu tarihin wahalar rayuwa, babu roƙo. Wanda zai karanta yana da tulin fayil a gabansa kuma doka ta ɗaure masa hannu. Tausayinka ba zai ba shi damar canza hukunci ba, takarda ta 3 ce za ta ba shi. Idan dalilan ƙin uku ne, amsa ukun. Wanda ka tsallake, an ɗauka ka yarda da shi.

Kada ka ƙara gishiri, kada ka kawo takardar bogi. Hukumomi suna gwada bayanansu da na banki da na haraji, kuma ƙarya ɗaya tana zubar da gaskiya goma, ban da tuhumar zamba. Wanda ya ce ka ba shi wani abu zai “gyara” maka a ciki, ko ya nemi lambar sirrin katinka, ka rabu da shi. Idan rubutu na ba ka wahala, nemi ofishin ba da shawara kyauta, ƙungiyar masu nakasa, ƙungiyar ƙwadago, ko lauyoyin taimakon marasa ƙarfi. Wanda ya rubuta maka ya karanta maka kafin ka sa hannu.

7. Miƙa, ka karɓi shaida

Kwafi za ka bayar, asali ya zauna a wurinka. In an dage sai an ga asali, a gani a dawo maka da shi nan take. Ka je da kwafi biyu na wasiƙar, a buga hatimi da kwanan wata a kan naka. Ta gidan waya, yi rajista ka ajiye rasit. Ta intanet, ɗauki hoton shafin da ya nuna an karɓa.

Tambayi yaushe za a amsa, ka sa ranar a littafi, ka bibiya. Shiru ma yana da magani a wasu wurare. A Jamus, idan wata uku suka wuce ba a amsa koke ba kuma babu dalili, kana iya kai hukumar kotu saboda jinkirin kansa. Inda babu irin wannan doka, akwai hukumar karɓar koke-koken jama'a.

8. Idan an sake ƙi

Kada gwiwarka ta yi sanyi. Dubawar farko hukumar da ta ƙi ce take duba aikin kanta. Mataki na gaba yana gaban wanda ba shi da hannu a hukuncin farko: kotun tallafi mai zaman kanta a Birtaniya, kotun walwala a Jamus wadda ba ta cajin mai neman tallafi, alƙalin sauraron koke a Amurka, inda matakan suke huɗu har zuwa kotun tarayya. Sabon wa'adi ya fara ƙirgawa, koma mataki na ɗaya.

In an ba ka zaɓi tsakanin a duba takardu kawai ko ka bayyana da kanka, zaɓi bayyana, ko ta waya ce ko ta bidiyo. Nemi tafinta tun da wuri idan kana buƙata. Tafi da wanda ya san halin da kake ciki. Amsa abin da aka tambaye ka, in ba ka gane ba ka ce a maimaita, in ba ka tuna ba ka ce ba ka tuna ba. Ka riƙa tuna cewa halinka na ranar da aka yanke hukuncin ake tambaya.

9. Idan dama ana biyan ka aka tsayar, ko aka ce ka dawo da kuɗi

Wannan ma hukunci ne, kuma duk matakan nan suna aiki a kansa, sai dai sauri ya fi muhimmanci. Tun 1970 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Goldberg da Kelly, ta ce ba a yanke wa mutum tallafin da yake rayuwa a kansa sai an saurare shi. A can, mai karɓar SSI da ya yi koke cikin kwana 10 da samun takarda yana iya ci gaba da karɓar kuɗinsa har a yanke hukunci, amma in ya faɗi ana iya neman ya mayar. Tambayi ko akwai irin wannan dama a inda kake, ka auna kafin ka karɓa.

Idan an ce an biya ka fiye da ƙima, tambayoyi uku ne, kuma kowacce daban ake rubuta ta. Shin da gaske an yi rarar? Shin adadin daidai ne? Nemi lissafin wata-wata ka gwada da bayanin bankinka. In kuma rarar gaskiya ce, laifin wa? Idan ka sanar da canjin halinka a kan lokaci hukuma ce ta yi sakaci, kawo shafin littafinka da kwafin wasiƙar mai hatimi, ka nemi a yafe inda doka ta yarda, ko a rage abin da za a riƙa cira duk wata zuwa abin da za ka iya ɗauka. Kada ka sa hannu a takardar amincewa da bashin kafin ka ga lissafin.